Yadda A Ke Shirya Daren Kallon Taurari a Ƙauye

A cikin darasin wannan wata za mu yi magana a kan wata dukiya da mutumin ƙauye ya fi mutumin birni, watau duhun dare. Kada ku yi dariya. A shekara ta 2016 waɗansu masana suka fitar da taswirar hasken fitilu na dukan duniya, suka tarar kashi ɗaya cikin uku na 'yan adam ba su iya ganin farar hanyan nan ta taurari wadda ta ratsa sararin sama, gama hasken lantarki ya rufe ta. Cikin ƙasashen da mutanensu suka fi kowa samun sama mai tsabta har da maƙwabciyarmu Cadi. A Namibiya kuwa, tun 2012 aka keɓe wani jeji mai suna NamibRand domin a tsare duhunsa, baƙi suna biyan kuɗi su je a nuna musu taurari. Abin da su ke biya dominsa yana bayan gidanmu kyauta. Duk da haka 'ya'yanmu da yawa sun girma ba su san sunan tauraro ko ɗaya ba, tsofaffin da suka sani kuwa suna ta ƙarewa.

Ran da muka fara tara mutane domin wannan kallo, mun yi kuskure biyu. Muka zaɓi daren farin wata, wai don kada kowa ya yi tuntuɓe, muka kuma hura wuta saboda sanyi. Mutane suka zo, suka ɗaga kai, ba su ga kome ba sai wata da 'yan taurari kaɗan. Yara suka koma wasansu. Laifin namu ne, ba na sama ba.

Saboda haka sai a fara duba kwanan wata. Bayan wata ya cika, kowane dare fitowarsa ta kan yi jinkiri da wajen minti 50. Daga ran 20 ga wata har zuwa kwana uku bayan tsayuwar sabo, farkon dare duhu ne sosai, kwanakinmu ke nan. A cikin shekara kuma, ba mu ga lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba da Nuwamba ba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba tukuna, an kuwa rage aikin gona. A nemi fili a bayan gari, masussuka ta yi kyau. A share wurin tun da rana saboda maciji da kunama, a gaya wa mai unguwa, kowa ya zo da tabarma da mayafi. Kwanciya rigingine ta fi tsayuwa, gama wuya ya kan gaji.

Abu mai wuya shi ne hana haske. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, amma hasken tocila ko na waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan duka, sai a sāke jira. In lalle a na bukatar fitila, a ɗaure bakinta da jan ƙyalle, domin jan haske ba ya ɓata gani kamar fari. Mai jagora kada ya cika wannan rabin sa'a da lacca. Ya bar tsofaffi su yi magana. A wurinmu wata tsohuwa ce, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta faɗi sunayen da mu masu littattafai muka manta. A sa wani ɗan makaranta ya riƙe su a kai, ya rubuta da safe, gama sau da yawa sunan da a ke kira a wannan gari ya sha bamban da na wancan.

In ido ya buɗe, a soma daga gabas. Wajen ƙarfe 8 na dare a watan Nuwamba, Kaza da 'Ya'yanta ta riga ta hau, taurari ƙanana a cure wuri ɗaya. A ce kowa ya ƙirga. Yawancin mutane shida su kan gani, mai kaifin ido ya ga bakwai ko fiye, yara kuwa su kan ci manya a wannan gasa. A 1610 Galileo, mutumin Italiya, ya buga labarin abin da ya gani da madubin hangen nesa, ashe akwai waɗansu da yawa a wurin da ido bai kai gare su ba. Yanzu an san sun fi dubu. Bayan Kaza sai taurari uku su ɓullo a jere daidai gabas, waɗanda a ke kira Mafarauci da Kare da Zomo. Masu karatun Littafin Ayuba da na Amos sun sha gamuwa da sunayen ƙungiyoyin nan biyu, ga su nan kuwa a bisa kanmu. In aka bi layin ukun nan zuwa ƙasa, aka yi haƙuri kamar sa'a ɗaya da rabi, sai wani babban tauraro fari fat ya fito, wanda Turawa ke kira Siriyus. Cikin taurari na ainihi ba wanda ya kai shi haske da dare.

A nan ne ya kamata a yi maganar nisa, amma a hankali, kada a jibga wa mutane lissafi. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa gare mu ya kan yi minti 8 da 'yan daƙiƙu. Daga Siriyus, shekara takwas da rabi. Daga Kaza, wajen shekara 440. Mu kan ce wa yara, hasken Siriyus da ke shiga idonku yanzu ya taso tun kuna goye, na Kaza kuwa tun kakannin kakanninku ba a haife su ba. Mun ga dattawa sun yi shiru da jin wannan.

Sai kuma Zara da Gamzaki. Da yawa suna tsammani taurari biyu ne, ɗaya na yamma ɗaya na asuba. Abu ɗaya ne, ba kuwa tauraro ba ne kamar sauran, duniya ce irin tamu mai kewaya rana, hasken rana ta ke mayarwa. Da ya ke ta fi mu kusa da rana, ba ta nisa da ita, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin Zara a tsakar ka da tsakar dare. Ta kan yi watanni a yamma, ta ɓuya, ta fito a gabas da asuba, zagayen duka kwana 584 ne. Ba kowane Nuwamba a ke samunta da yamma ba, sai mai jagora ya duba tun da kwana biyu kafin taro. Ga wata alama mai sauƙi: tauraro ya kan yi ƙyafƙyafta, amma duniyoyi irin su Zara da Mushtari haskensu a tsaye ya ke.

Lalle wani zai tambaya, “Malam, wannan ba duba ba ne?” Tambaya ce mai kyau, kada a ƙi ta. Mai duba yana cewa tauraro ya san aurenka da ranar mutuwarka. Mu kuwa cewa mu ke yi tauraro rana ce mai nisa, ba ta san sunan kowa ba. Abin da taurari ke nunawa da gaske lokaci ne. Kowane dare suna riga jiya fitowa da minti 4, watau sa'a biyu a wata, domin duniya tana kewaya rana. Shi ya sa Kaza ta kan ɓace a yamma wajen ƙarshen Afrilu, ta sāke bayyana da asuba a watan Yuni, lokacin da damina ke kankama a arewa. Manomin da ya lura da wannan kalanda ya karanta, ba tsibbu ya yi ba. Haka nan in tauraro ya yi gudu ya faɗi, waɗansu su kan tsorata, su ce wani babba ya rasu. Ba tauraro ba ne ma. Ɗan tsakuwa ne, sau da yawa bai fi ƙwayar gero ba, ya shigo iskar duniya da gudu ya ƙone tun yana wajen kilomita 100 a sama. Wanda ya ke so ya tabbatar, ya fita daren 13 ko 14 ga Disamba, in ba wata ba hazo, zai ga gommai cikin sa'a ɗaya, haka kuwa a ke yi kowace shekara. Da kowane ɗaya ran sarki ne, da sarauta ta ƙare tuni.

Akwai wani abin da ƙasarmu ta fi Ingila. A Kano tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, yana tsaye bisa ƙasa da digiri 12, watau dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari in ka miƙa hannunka. A watan Afrilu da Mayu kuwa, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, in ka juya kudu za ka ga taurari huɗu masu siffar gicciye, ƙasa ƙasa. Mutumin Landan ba ya ganinsu daga gida ko kaɗan, mu kuwa muna iya ganin biyun a dare ɗaya. Wannan ya isa dalilin taro na biyu kafin ruwa ya sauko.

Kada taron ya wuce sa'a ɗaya da rabi, kada kuma a koyar da fiye da ƙungiya uku ko huɗu a dare ɗaya. Kafin a naɗe tabarmi, a kira yaro ɗaya ya nuna wa jama'a Kaza da Mafarauci da kansa, ya faɗi sunayensu. A lura da inda Kaza ta ke, bisa wace bishiya, a ƙarfe nawa, domin in an dawo bayan wata guda a gwada a ga nisan da ta yi.