MAKERO A GIDAN MAI DASHEN ƘODA

Uwargida, a kula! Makero yana bin aska, mataji da hula. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da Asibitin Malam Aminu Kano ya soma a 2002, yana shan maganin rage garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi ƙodar. A wurinsa makero kan nutse cikin fata, ya zama ƙurji mai wuyar warkewa.

1. Kowa da askarsa da matajinsa.
2. Ki kai yaro mai makero asibitin Gaya ko na Ajingi. Na kai sai da maganin sha.
3. Kada a shafa man bilicin.
4. Mai dashe in ya ga tabo, maza wurin likitansa. Kada ya bar maganinsa.

Rigakafi ya fi magani.