Ciwo A Kan Ciwo: Yadda Fumfuna Ke Shiga Jinin Masu Cutar Numfashi

Ka sani akwai wata ƙwayar fumfuna da likitoci ke kira Kandida, dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, wadda ke zaune a bakin mutum da hanjinsa da fatarsa ba tare da ta cutar da shi ba. Muddin garkuwar jiki na da ƙarfi, iyakar ɓarnarta ita ce farin dattin nan da ke kwanciya a harshen jarirai, ko ƙaiƙayin gaba ga mata. Amma idan ta samu hanya ta faɗa cikin jini, sai lamari ya yi muni, domin cikin kowane mutum 10 da ta shiga jininsu, 3 zuwa 4 ba sa tashi. Annobar korona ta nuna wa duniya cewa wanda cutar numfashi ta kwantar a ɗakin kulawa ta musamman yana cikin waɗanda wannan ƙwaya ta fi kamawa, kuma sau da yawa maganin da ake ceton ransa da shi ne ke buɗe mata ƙofa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a jikin irin wannan maras lafiya tsaga uku ce. Ta farko, siririn tiyon da ake zurawa cikin babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji don ƙarin ruwa da magani da abinci. Fumfuna kan manne a jikinsa, ta yi yauƙin da magani ba ya ratsawa sosai, daga nan ta riƙa zuba cikin jini. Ta biyu, magungunan kashe bakteriya masu faɗin aiki, waɗanda ke share har bakteriya masu amfani na hanji, su bar wa Kandida fili ta hayayyafa. Ta uku, maganin dexamethasone da danginsa, masu kwantar da kumburin huhu ta hanyar rage kaifin garkuwar jiki, suna kuma ɗaga sukarin jini. Duk kwanan da aka ƙara kan na'urar taimakon numfashi, haɗarin ƙaruwa yake yi.

Wani zai ce, to tunda haka ne ai gara a guji waɗannan magunguna. Wannan kuskure ne babba. Gwajin RECOVERY da aka yi a Birtaniya ya tabbatar a watan Yuni na 2020 cewa dexamethasone, miligiram 6 a kullum har zuwa kwana 10, ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Sai dai gwajin nan kuma ya nuna bai amfani waɗanda ba su bukatar iskar oksijin ba. Ke nan maganin na da masu shi, yana da awo, yana da wa'adi. Abin da ya faru a Indiya a 2021 ya isa darasi: an ba mutane da yawa maganin fiye da ƙima, galibinsu masu ciwon sukari, sai wata fumfunar daban mai cin hanci da ido ta kama fiye da mutum 40,000, aka cire wa wasu ido don a ceci ransu.

Abin da ke ƙara wahalar da likita shi ne wannan ciwo ba shi da alama tasa ta kansa. Zazzaɓi ne da faɗuwar bugun jini, irin wanda bakteriya ke kawowa, kuma awon jini na ɗakin gwaji kan kasa gano kusan rabin masu ciwon a cikin jiki. Ga kuma sabon nau'in Kandida mai suna Candida auris, wanda aka fara ganowa a kunnen wata maras lafiya a Japan a 2009. Shi wannan yakan yi makonni a raye a jikin gado da kayan aiki, ya bi hannun ma'aikata daga gado zuwa gado, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nasa ba ya jin fluconazole, maganin da ya fi araha. Dole sai a koma ga irin su caspofungin da micafungin masu tsada. A 2020 ya yaɗu a wani sashen masu korona a jihar Florida ta Amurka. Saboda haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin nau'i 4 mafiya haɗari a jerin fumfuna 19 da ta fitar.

Wani kuma zai ce wannan matsalar manyan asibitocin ƙasashen waje ce, ko kuma ta likitoci kaɗai. A'a, an riga an gano Candida auris a Afirka ta Kudu da Kenya da Najeriya, kuma inda ɗakunan gwaji suka yi ƙaranci, maras lafiya kan rasu a ce zazzaɓi ne ya ƙi jin magani. Sannan rabin rigakafin a hannun jama'a yake. Kada ka sayi dexamethasone ko maganin kashe bakteriya a kemis don mura ko tari ba da takardar likita ba. Mai ciwon sukari ya kiyaye sukarinsa, ya kuma faɗa wa likita tun ranar da aka kwantar da shi. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa maras lafiya da bayan ya taɓa shi, kada ya taɓa tiyon jijiya. Ma'aikata su goge gado da ruwan kilorin, su cire tiyo da zarar bukatarsa ta ƙare. Idan kuwa zazzaɓi ya kwana uku ko huɗu bai sauka ba duk da maganin bakteriya, haƙƙin dangi ne su tambayi likita cikin ladabi ko an auna jinin don neman fumfuna, domin jinkirin fara maganinta ko da na yini ɗaya ne yana ƙara yawan masu mutuwa.