In An Yi Sulhu da Kamfanin Inshora: Shawarwari ga Magidanta

A Toranke da sauran garuruwan Ajingi da Gaya, yawanci hanya biyu ce ke haɗa magidanci da kamfanin inshora: haɗarin mota a hanyar Wudil, ko bashin noma da aka ɗaura wa inshorar NAIC, hukumar inshorar noma ta ƙasa. In magana ta kai kotu, kamfani kan nemi sulhu. To, ga abin lura.

1. Sulhun baki ba ya ɗaure kamfani. Mun saba a zauna a ƙofar dagaci, a yi musafaha, a shafa fatiha, shi ke nan. Kamfani kuwa ma'aikacin da ya yi maka alkawari yau, gobe an yi masa canjin wurin aiki. A rubuta komai: nawa za a biya, ranar biya, asusun da za a tura, da abin da zai biyo baya in an saɓa.

2. Wannan ita ce babbar magana. Kada ka janye ƙara don kawai an sa hannu a takarda. Lauyanka ya kai takardar gaban alƙalin, ya roƙi a mayar da ita hukuncin kotu bisa yardar ɓangarorin biyu. Bambancin ba kaɗan ba ne. Takardar da ba ta zama hukunci ba, in kamfani ya ƙi biya, sai ka sake sabuwar shari'a daga tushe. Wadda ta zama hukunci kuwa, kotu na iya umartar bankin kamfanin ya cire kuɗinka daga asusunsa. Amma ka sani kai ma ta ɗaure ka: ba a ɗaukaka ƙara a kanta sai da izinin kotu. Sashen sulhu na Babbar Kotun Kano, da aka buɗe a 2009, ta wannan hanya yake bi.

3. Akwai takardar sallama da kamfani ke kawowa, mai cewa ba ka da sauran haƙƙi. Ka ba wanda ka amince da shi ya karanta maka ita da Hausa kafin ka dangwala. Kunya ba ta nan.

4. Ka rubuta ranar da aka ba ka takardar sallamar. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga nan ya biya, kuma sabuwar dokar 2025 da ta gaje ta ba ta sassauta wa masu jan ƙafa ba. In wa'adi ya wuce, ka kai kuka NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin.

5. Ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen uwargida. In ajali ya riga kuɗin zuwa, da takardar magada za su bi haƙƙinsu, ko da kamfanin na takaful ne, wato inshorar Musulunci.