Laifin Wane Ne Idan Mutum-mutumi Ya Tsaya Cik a Filin Gasa?

A gasar FIRST, wadda aka fara a Amurka a 1992, ɗaliban sakandare kan ƙera mutum-mutumi, wato na'ura mai tayoyi da hannaye da ake tuƙawa daga nesa. Babu waya tsakanin direba da na'urarsa. Umarni kan tashi daga kwamfutar direba, ya bi ta na'urar sadarwar fili, ya ratsa iska a matsayin igiyar rediyo, ya isa ƙaramar rediyon da ke jikin mutum-mutumin, sannan ya kai ga ƙwaƙwalwarsa. An tsara shi ta yadda da zarar saƙo ya yanke sai ya tsaya, don kada ya ji wa wani ciwo. Ke nan wannan sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa. Wasu a hannun ɗalibai suke, wasu a hannun masu shirya gasa.

Amma duk gaɓar da ta tsinke, abu ɗaya ido yake gani: na'ura ta sandare. Wasan kuwa bai wuce minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi ba. Bisa ƙa'idar gasar, akan sake wasa ne idan matsalar daga fili take kuma ta shafi sakamako. In daga na'urar ɗalibai take, hasarar tasu ce.

A watan Afrilu na 2012, a wasannin ƙarshe na duniya a birnin Sant Luwis, na'urori da dama sun rasa sadarwa a filin da ake kira Einstein, inda ƙungiyoyi 12 suka fafata. Nan take mutane suka shiga nuna yatsa. Hukumar gasar ba ta yanke hukunci da ka ba; ta tara na'urorin da masana a jihar Niyu Hamsha, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, aka fitar da rahoto a watan Yuli.

Sai ga shi dalilin ba ɗaya ba ne. A wasu na'urorin, haɗin wayar lantarki ne bai yi ƙarfi ba. Wannan abu ne da ya kamata kowane ɗalibin fiziks ya fahimta: idan aka yi karo, wayar da ta yi sako-sako takan saki na ƙiftawar ido, rediyo ta mutu, kuma kafin ta farfaɗo an ci wani babban kaso na lokacin wasa. A wasu kuwa, kuskure ne a manhajar da aka rubuta. Sannan aka gano wata kafa a manhajar na'urar sadarwar filin kanta, wadda wani mutum ya yi amfani da wayar hannu ya taɓa da gangan. An haramta masa shiga harkokin gasar. Sai dai ba shi ya haƙa kafar ba. Tarar da ita ya yi, don haka masu fili ma suna da nasu kason.

Daga 2013 aka ƙayyade yawan bayanan da kowace ƙungiya za ta aika, don kada hoton kyamarar wani ya toshe hanya. Kwamfutar direba kuma tana ajiye tarihin wasa: ƙarfin batir mai bolt 12, da saƙonnin da suka ɓace, da lokacin da aka katse. Malamin da ke koyar da wannan fanni zai iya ba ɗalibansa irin wannan tarihi su karanta. Idan ƙarfin batir ya faɗi kafin yankewar, a fara duba na'ura. Idan kuwa na'urori da yawa suka yanke a daƙiƙa guda, to, sai a juya ga fili.