Lissafin Iyali Kafin Aza Harsashi

Sau da yawa mutumin da ya sami fili a Jiddari Polo, a gefen kudu na Maiduguri, yakan fara da sayen bulo da siminti, sai daga baya ya tuna bai zauna ya lissafa abin da iyalinsa ke bukata ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa akan ga gini ya kai linta ya tsaya shekara da shekaru, ko kuwa a gama shi mutane su shiga su tarar ya yi musu kaɗan.

Lissafin farko na mutane ne. Mai gida zai ƙidaya waɗanda ke ci daga tukunyarsa a yau, sa'an nan ya dubi shekara goma masu zuwa. Yaran da ke kwana ɗaki guda yanzu za su girma, tilas a raba maza da mata. Tsohuwa tana bukatar ɗaki kusa da makewayi, marar matakala. Har wa yau, mutanen Maiduguri sun san yadda 'yan'uwa suka kwararo daga ƙauyuka a shekarun rikicin Boko Haram, gidan mutum takwas ya koma na ashirin. Saboda haka ɗakin baƙi a nan ba alfahari ba ne. Idan uwargida tana sana'a, ko tana kiwon awaki, sai a ware mata wuri tun a zane, kada a cinye tsakar gida da ɗakuna.

Daga nan sai a dubi filin kansa. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya ya mamaye unguwanni masu yawa na birnin, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Wanda zai yi gini ya kamata ya ziyarci filinsa da damina, a cikin Agusta, ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi, ya kuma tambayi tsofaffin mazauna wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Amsarsu ita ce za ta nuna tsawon da za a ɗaga daɓen gida. Ƙarin layi biyu ko uku na bulo a harsashi ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba a kan sāke katangar da ta jiƙa ta zube.

Zafi ma abin lissafi ne. A Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuma ba a manta da 2021 ba, lokacin da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ya zama kaya ga mai shi. Tagogi su fuskanci kudu da arewa, su dubi juna domin iska ta ratsa. Bangon yamma, wanda rana ke duka bayan azahar, a rage masa taga, a dasa darbejiya ta yi masa inuwa. A ɗaga rufi, a sa silin a ƙarƙashin kwano. Jan bulo da aka gasa yana jure ruwa, kuma ba baƙo ba ne a Borno, don kuwa har yanzu ana ganinsa a kufan Birnin Ngazargamu.

Game da ruwan sha, akan ƙiyasta wa kowane mutum lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Gidan mutum goma ke nan yana bukatar lita 500, kuma da wannan za a auna girman tanki. Idan za a haƙa rijiya, a nisanta ta da masai kamar mita 30, abin da ke da wuya a fili mai ƙafa 50 da 100 in ba an yi shawara da maƙwabta ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, saboda haka takardar ciniki daga mai sayarwa ba ta wadatar ba. Sai a nemi takardar mallaka ta hannun hukumar BOGIS, a kuma kai zanen gini a amince da shi. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya zana gidan gaba ɗaya, ya fara da katanga da makewayi da ɗaki biyu, ya shiga, sauran su biyo baya a wuraren da aka riga aka ware musu.