Darasi na 11: Kwance Gidan Filtar Mai

Duk wanda ya bi titin Agege da yamma, daga Oshodi zuwa gadar Pen Cinema, ya san wahalar da mota ke sha a Legas. Mota na tsaye, inji na aiki, rana na dukan bonet. Abin da ke hana ƙarafan inji cin junansu a wannan zafi shi ne man inji, wanda muke kira baƙin mai. Man yana zagayawa cikin inji, yana kwaso datti da garin ƙarfe. Filta ce ke tace shi, kamar yadda rariya ke tace gasara. Idan filta ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa don mai ya wuce ba tacewa. Inji ba zai tsaya nan take ba, amma da datti zai riƙa aiki.

Filta iri biyu ce. Ta farko gwangwani ce ta ƙarfe: a murɗe ta, a jefar, a ɗaura sabuwa. Ita ce a jikin tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, da Camry da ake kira Big Daddy. Ta biyu takarda ce zalla mai ninki-ninki, ba ta da gwangwani. Tana zaune cikin wani gida da ke jikin inji, kuma gidan yana da murfi. Za ka same ta a Corolla da yawa daga ta 2009, da Sienna da Highlander da Camry masu silinda shida daga wajen 2007 ko 2008 zuwa sama, da Marsandi da BMW. Irin waɗannan motoci sun cika Legas yanzu, kuma 'yan Arewa da yawa a Zangon Agege da Idi-Araba su suke tuƙawa, wasu nasu, wasu na iyayen gidansu. Wannan gida da murfinsa su ne darasinmu.

A wani gareji da ke bayan layin dogo, na ga yaron bakanike kwance ƙarƙashin Corolla. Ya gwada murfin da hannu, ya ƙi. Sai ya miƙa hannu ya jawo guduma da kurfi.

Maigidansa ya daka masa tsawa: "Kai, ajiye gudumar nan! Goge murfin da tsumma, ka karanta mini abin da ke jiki."

Yaro ya goge, ya haska da fitilar waya. "Oga, biyu ne da biyar. Sai harafin N da m."

"Ashirin da biyar ke nan. Shi ne iyakar ƙarfin da ake ɗaure shi. Wanda ya yi juyen mai na baya ne ya matse shi kamar yana ɗaure noti na taya. Ɗauko mini kofin."

Kofin da yake nufi sifana ce mai siffar kofi, wadda ke hawa kan murfin daidai wa daida. Ta Toyota faɗinta milimita 64, da gefe 14. Murfin wasu motoci kuma yana da kai irin na noti, sai a sa masa soket daidai girmansa. Murfin nan ko na roba mai tauri ne, ko na alminiyam. Dukansu ba sa jure duka. Guduma ɗaya na iya tsaga shi, kuma tsagar ba lallai ido ya gan ta ba, sai inji ya yi zafi mai ya fara tsiyaya.

Kafin ka taɓa komai, ajiye mota a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse ko katako. Bari inji ya huce har ya zama ɗumi kawai. Mai ɗumi ya fi saurin zuba, mai zafi kuwa ƙona hannu yake yi. Idan babu rami, ɗaga mota da jak, sannan ka sa mata ƙafafun ƙarfe ta zauna a kansu. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Bulo ma ba abin dogaro ba ne, yana farfashewa ba sallama.

Tara roba, ka kwance notin tukunyar mai, man ya zube duka, ka mayar da notin. Sai ka koma kan filta. A gindin murfin wasu Toyota akwai ƙaramin mabuɗi mai rami kusurwa huɗu. Kwance shi. A cikin kwalin sabuwar filta za ka ga wani ɗan bututun roba. Tura shi cikin ramin, man da ya rage a gidan zai zubo ta cikinsa, ba zai bi maka hannu zuwa hammata ba. Murfin da ba shi da wannan mabuɗi, sai ka kwance shi a hankali, robar tana ƙasa.

Yanzu ɗora kofin, ka tabbata ya zauna har ƙasa. Murɗa ta hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo idan kana fuskantar murfin. Mutumin da ke kwance rigingine yakan ruɗe ya ƙara ɗaurewa, yana zaton kwancewa yake. Idan ya ƙi, sa hannun sifana mai tsawo, ka ja a hankali ba tare da fizga ba. Da ya motsa, ƙarasa da hannu.

Ga inda ake yawan yin ɓarna. Idan ka zare tsohuwar takarda, duba tsakiyar murfin. A na Toyota akwai bututun ƙarfe mai huji-huji. Wani lokaci yakan maƙale a cikin tsohuwar filta, a jefar da su tare. Ba na jefarwa ba ne. Shi ke tallafe takardar ta ciki, in babu shi sai ta lotse. Wanke murfin da kananzir, ka goge shi ya bushe.

Sai zoben roba. Baƙin zobe ne da ke kewaye da murfin, shi ke hana mai fita. Sabuwar filta tana zuwa da sabon zobe babba na murfi, da ƙarami na mabuɗin gindi in akwai shi, kuma dole a canja su duk lokacin da aka buɗe. Kafin ka cire tsohon, dubi layin da yake zaune a ciki da kyau, don murfin yana da layi fiye da ɗaya. Ni kaina na sha wannan darasi da kuɗina. An yi mini juye a wani wuri, yaro ya tura zoben har can gindin murfi maimakon layinsa. Ban yi nisa ba jar fitila mai hoton buta ta kama. Na tsaya a gefen titi, na leƙa, sai ga mai ya ja layi a kwalta tun daga inda na fito. Allah ya sa na kashe inji nan take. Da na ce bari in lallaɓa zuwa gida, da injin ya buga.

Cire tsohon zobe da tsinke ko farce, kada ka karce layin da wuƙa. Shafa wa sabon zobe sabon mai da yatsa, ka zaunar da shi ba tare da ya murɗe ba. Sa sabuwar takarda. Fara ɗaura murfin da hannu. In ya yi tauri tun zagaye na farko, a karkace ya hau, sai ka warware ka sake. In ya kai ƙarshe, ka ɗaure da sifana mai awo zuwa 25, ko lambar da ka karanta a jikinsa. Ƙaramin mabuɗin gindi kuwa wajen 13 ya ishe shi. In babu sifana mai awo, da zarar murfi ya zauna, ɗan ƙari kaɗan ka tsaya. Zoben ne ke riƙe mai, ba ƙarfin damtse ba.

Wannan shi ne aikin kowane juye. Akwai kuma babban aiki, wato cire gidan gaba ɗaya daga jikin inji. A motoci irin su BMW da Marsandi, gidan da notuna aka ɗaure shi, kuma tsakaninsa da inji akwai gasket na roba. Zafi da shekaru sukan busar da shi ya zama kamar ƙanzo. Sai mai ya riƙa tsatsafowa ta mahaɗin, yana ɗiga kan fanbel, ita kuma ta kumbura ta zame. A wasu motocin, jikin gidan akwai abin sanyaya mai, inda ruwan lagireto ke bi kusa da man. In wannan ya lalace, mai da ruwa sukan haɗu, ka buɗe tankin ruwa ka ga abu kamar shayi mai madara. Da yawa daga masu gyara, da sun ga haka sai su ce a buɗe saman inji. Wani lokaci gaskiyarsu ne. Amma a ganina a fara gwada abin sanyaya man tukuna, don ya fi sauƙi kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Wannan aiki sai inji ya huce sarai. Cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. Juye mai, kuma in akwai abin sanyayawa, juye ruwan lagireto. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowace waya ko tiyo. Zare soket ɗin abin da ke auna ƙarfin mai, ta danna kunnensa, ba ta jan wayar ba. Notunan gidan sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ɗauki kwali, ka zana siffar gidan, ka huda, ka soka kowane noti a gurbinsa, ka rubuta masa lamba: 1, 2, 3. Dogon noti a gajeren rami yana iya fasa jikin inji. Idan ka cire duka amma gidan ya ƙi tasowa, kada ka ɓanɓare shi da sukudireba. Sake dubawa, galibi akwai noti ɗaya da ya ɓuya.

Toshe ramukan inji da tsumma mai tsabta don kada yashi ya faɗa, amma ka ƙirga tsummokaran, ka cire su duka kafin ka rufe. Goge fuskar alminiyam da tsumma da kananzir, ban da karcewa da ƙarfe. Sa sabon gasket. Kada ka yarda a lafta gam a madadinsa, domin gutsurensa kan ɓalle ya toshe hanyar mai. Ɗaura notuna duka da hannu, sannan ka matse su kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan.

In za ka sayi sabon gasket ko murfi a kasuwar Ladipo da ke Mushin, tafi da tsohon a leda don ka gwada. Kwafi lambar motar kuma a takarda. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, haruffa da lambobi 17. Da ita mai kaya zai san ainihin injinka.

Ko juye ka yi ko babban aiki, in ka gama mayar da komai, zuba mai gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Corolla mai inji 1.8 tana shan lita 4 da ɗan ɗori. Sienna mai inji 3.5 kuwa wajen lita 6 take sha, galan ɗaya mai lita 4 ba zai ishe ta ba. Tayar da inji, ban da taka totur. Jar fitilar ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta mutu ba, kashe inji. Leƙa ƙasa da fitila ka ga ko akwai ɗiga. Kashe, jira minti biyar, ka duba geji: man ya tsaya tsakanin alamomi biyu.

Tsohon mai a zuba shi a jarka a rufe, akwai masu zuwa gareji suna saye. Kada a tuttular da shi a kwata, don ruwan sama ɗaya zai kai shi ƙofar gidan maƙwabta. Wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Saura rubutu. Ɗauki ƙaramin littafi, ka rubuta ranar juye da lambar tafiyar da ke gaban sitiyari. A cunkoson Legas, masu gyara da yawa kan ba da shawarar juye bayan kilomita 5,000. Amma lura, tokunbo da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Kilomita 5,000 wajen mil 3,100 ke nan. Idan motarka ta nuna mil 92,400 yau, rubuta a ƙasa: juye na gaba, 95,500. Ajiye littafin a aljihun mota, tare da takardunta.