Kafin Ka Sayi Gidan Hutu A Ƙauye, Tambayi Ko An Raba Gado

Wannan rubutu na ma'aikatan da ke shirin ajiye aiki su koma gida ne, da 'yan kasuwarmu na Legas da Kano da hayaniyar birni ta ishe su, da 'ya'yanmu na ƙasashen waje masu turo kuɗi a saya musu wuri. Aikin lauya nake yi a Sakkwato, kuma mafi yawan abin da ke zuwa mini daga Tambuwal da Kebbe rigimar ƙasa ce. Akwai wata da aka kammala kwanan baya a yankin Sanyinna, wadda har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci, domin tambaya ɗaya tak da ta hana aukuwarta.

Dattijo ne ɗan asalin yankin, ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati a Kaduna. Ya zo ɗaurin aure cikin watan Maris, ko'ina ya bushe ƙayau, sai aka sauke baƙi a wata garka da ke bayan gari, bakin fadama. Mangwaro ya yi inuwa, ga gwaiba, ga albasa kore shar, ga tsohon gidan ƙasa a gefe. Ba ƙarar janareto, ba hayaƙin mota. Nan take ya ce a nan yake so ya ƙare sauran kwanansa. Kafin la'asar magana ta kai kunnen dillali. Kafin wata ya ƙare an kawo masa babban ɗan mai wurin, an yi ciniki, ya zuba mafi yawan kuɗin sallamarsa.

Na ga takardar cinikin, kuma na ga irinta da yawa. Wani mai buga takardu a bakin kasuwa ne ya rubuta ta, daga cikin waɗanda da zarar sun sayi kwamfuta da hatimi sai su fara amsa sunan lauya. Iyakar wuri: gabas gonar wane, yamma kuka. Ba awo, ba taswira. Shaidu biyu: dillalin da ya ci la'ada, da direban mai saye. Sai layin da ya kashe komai, wai mai sayarwa "ya gaji wurin daga mahaifinsa". Shi kaɗai aka haifa? Ba wanda ya tambaya.

Dattijo ya rushe gidan ƙasa, ya yi ginin bulo ɗaki huɗu, ya haƙa burtsatse, ya sa sola, ya kwaso iyali daga Kaduna. Damina ta farko, da marka ta kama cikin Agusta, ruwa ya taso daga fadama ya kwanta a tsakar gida, ya shiga ɗakuna, katanga ta tsage. Kowane yaro a garin ya san nan ruwa ke kwana. Tsohon gidan ƙasar ma a ɗan tudun gefe yake, shi kuwa ya tura gininsa cikin kwari don ya kusanci inuwar mangwaro. Jama'a, wurin da ya yi kore a watan Maris ruwa ne a ƙarƙashinsa, kuma ruwan nan zai fito ya gaishe ka a Agusta.

Wannan ƙaramar masifa ce. Babbar ta zo bayan kaka, ranar da ƙanen mai sayarwa ya dawo daga cin rani a Kurmi ya tarar da ƙofar ƙarfe a garkar ubansa. Ya ɗauko ƙanwarsu da ke aure a Jega, suka tafi kotun Shari'a. Ashe mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, kuma ba a taɓa raba gado ba. Lissafin ba ya buƙatar alƙalami: matar tumuni, kowane namiji rubu'i, 'yar tumuni. Wanda ya karɓi kuɗin wuri duka, rubu'i ne nasa. Ƙari a kan haka, ɓangaren da aka shuka albasa yana hannun maƙwabci, jingina ce tun mamacin yana raye, ba a fanshe ba.

Sai a lokacin aka zo wurina, da sammaci a hannu. Na ce, "Baba, da za ku biya, wa kuka tambaya ko an raba gadon nan?" Ya ce, "Barista, ai gida na zo. Ubansa abokin yayana ne, tare munka yi makarantar allo da dangin uwarsa. In ce ya kawo mini shaida? Ai da kunya." Na ce, "To Baba, ga shi kunyar ta kawo ku gaban alƙali."

Wallahi wannan kalma ta "ai gida ne" ta cinye dukiyar mutane fiye da ɓarayi. Mutumin da ba zai sayi tsohuwar mota a Kaduna ba sai ya kira bakanike ya duba inji, ya karɓi takardu, shi ne zai miƙa gumin shekara 35 a kan sallama da musabiha. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, a cikin Suratul Baƙara, kuma a cikinta an yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki. Ba ga baƙi kaɗai aka saukar da ita ba.

Matsayin dattijon a shari'a bai yi daɗi ba. Cinikin bai zartu a kan rabon sauran magada ba tunda ba su yarda ba. Rubu'in da ya saya da gaskiya ma suna da shuf'a a kansa, wato haƙƙin karɓe shi su biya shi kuɗin da ya biya, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ba ya gari haƙƙinsa na shuf'a yana nan komai daɗewar tafiyarsa, mazauni ne ake ƙidaya wa shekara. Wani ɗan'uwansa ya zuga shi ya kafa hujja da hauzi, wato daɗewar riƙon wuri. Hauzin me, shekara biyu ba ta cika ba? Abin da ya rage masa shi ne bai yi gini da ƙwace ba, don haka ko magada su biya shi ƙimar gininsa a tsaye, ko shi ya biya su ƙimar filinsu, ko su zama abokan tarayya. Magada ba su da kuɗin sayen ginin bulo. Mai sayarwa kuwa ya ƙara aure, ya sayi babur, ya bar gari. Ƙarshe sulhu aka yi a gaban dattawa: ya sayar da motarsa, 'ya'yansa suka yi karo-karo, ya sake biyan kashi uku cikin huɗu, ya kuma fanshi jingina. Ya sayi wuri ɗaya sau biyu, wurin da in Agusta ta zo sai ya kwashe iyali zuwa gidan haya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda gari ya juya wa ƙanwar nan ta Jega baya. Wai ta kai yayanta ƙara, ta tona asirin gida, ta wulaƙanta baƙo dattijo. Tumunin nan Allah ne ya ba ta. Wanda ya sayar da haƙƙin uwarsa da ƙanwarsa ba a zage shi ba, sai wadda ta ce a ba ta nata. Ku masu saye, in ba ku ga matan gidan ba, ba ku ji daga bakinsu ko bakin wakilin da suka naɗa da kansu ba, to ba ku ga magada ba. Kada wani ya ce muku "na yi magana da su".

A ƙasar Holan ma mutanen birni suna rububin ƙauyuka masu shiru da ciyawa, kuma ƙasa ce da wajen rubu'inta ke ƙasa da teku, sun san ruwa fiye da mu. Amma can gida ba ya sauya hannu sai ta wurin lauyan da hukuma ta naɗa don wannan aiki, sannan a shigar da cinikin a rajistar filaye ta ƙasa, Kadaster, wadda take aiki tun 1832. Bayan sa hannu ma doka ta ba mai saye kwana uku ya sake shawara. Mu a ƙauyukanmu babu wanda zai yi maka wannan bincike. Kai ne za ka taka da ƙafarka.

Kuma a daina ruɗar mutane da hatimi. Sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi yana da muhimmanci ƙwarai, su suka san tarihin kowace gona, su za su gaya maka ko gado ce, ko aro, ko jingina. Amma shaida ce, ba ita ce mallaka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a filayen da ba na birni ba, a sashe na 6, sashe na 21 kuma ya hana sayar da shi ba tare da amincewarta ba. Wanda ke ganin neman izini wasa ne ya tambayi abin da Kotun Ƙoli ta yi wa bankin Savannah a shari'arsa da Ajilo a 1989. Banki guda ya rasa jinginarsa saboda rashin izinin gwamna, balle kai.

Ka kawo safiyo mai lasisi ya auna, ya kafa duwatsu maƙwabta na tsaye. Kuka tana faɗuwa, wane yana mutuwa. Ka duba ko burtali ko hanyar mashaya ta ratsa wurin. Ka tambayi halin tsaro. Ka biya ta banki, cikin asusun mai haƙƙi, ba na dillali ba. Dillali ba ya zama shaida, na faɗa na ƙara, wanda la'adarsa ke rataye da ciniki ba zai gaya maka aibin wuri ba.

Kada ka sayi gadon da ba a raba ba. In an ce an raba, a nuna maka takardar kotu ko malamin da ya raba da shaidunsa. Ka ƙirga magada da kanka, har mata, har wanda ke Kurmi, har wanda ke ciki. Ka je ka ga wurin cikin Agusta, da takalmin roba. Ka zo wurin lauya kafin ka biya, domin bayan sammaci abin da za mu iya yi maka kaɗan ne. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin marayu da mata, Ya sa guminmu ya amfane mu.